Darasin Lafiya: Mantuwar Tsufa Daban, Gigin Tsufa Daban

Babu gidan da babu mantuwa. Yaro yakan manta da aike. Magidanci yakan manta inda ya ajiye fartanya. Amma idan furfura ta fito, mantuwa takan ƙaru. Daga nan sai a ji mutane suna cewa, "Ai tsufa ne."

Wannan magana gaskiya ce a wani wuri, kuskure ce a wani wuri. Akwai mantuwar da tsufa ke kawowa, wadda ba ciwo ba ce. Akwai kuma mantuwar da ke zuwa saboda ƙwaƙwalwa ta kamu da ciwo. Ita ce Hausawa ke kira gigin tsufa, ma'aikatan asibiti kuma suna ce mata cutar mantuwa. Darasin wannan wata zai bayyana yadda ake rarrabe su, da abin da ya kamata iyali su yi.

GIDAJE BIYU

A ɗauki misali da gidaje biyu a ƙasar Dutsi, cikin shiyyar Daura.

A gida na farko akwai wani dattijo mai shekara kamar 75. Ya je kasuwa ya gamu da tsohon abokinsa. Sun gaisa, sun yi raha, amma sunan abokin ya kwanta masa. Sai da ya dawo gida yana alwalar Magariba sunan ya faɗo masa. Ya ce wa ɗansa, "Af! Yanzu na tuna." Wannan dattijo yakan nemi carbinsa alhali yana cikin aljihunsa. Yakan kira jikansa da sunan wani jikan. Duk da haka shi ke lissafin damman geron da aka samu. Ya san wanda yake bi bashi, ya san mai binsa. Idan rikicin iyakar gona ya tashi, shi mai unguwa ke aika wa.

A gida na biyu akwai wata tsohuwa, ita ma shekarunta kamar haka. An ba ta tuwo ta ci, ta wanke hannu. Jim kaɗan sai ta ce wa matar ɗanta, "Ke, yau ba za a ba ni abinci ba ne?" Matar ta ce, "Inna, ai yanzu kika ci." Ta ce, "Ni ban ci komai ba." Takan tambayi abu ɗaya sau goma. Takan ɓoye kuɗinta, ta manta, ta ce an sace. Ta yi shekara arba'in tana fura, amma yanzu ta rasa abin da ake fara yi. Wata rana da almuru ta ƙulle kayanta ta kama hanya, wai za ta gidan mahaifinta. Mahaifin nan kuwa ya daɗe da rasuwa. Sai a hanyar Shargalle wani mai babur ya gane ta, ya mayar da ita gida.

Dattijon nan lafiyarsa ƙalau, tsufa ne kawai. Tsohuwar kuwa ba ta da lafiya. Domin a gane dalili, sai a fara sanin yadda tunawa ke aiki.

ƘWAƘWALWA KAMAR RUMBU CE

Ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Amma a cikinta akwai ƙananan ƙwayoyi kimanin biliyan 86, waɗanda ido ba ya gani. Biliyan ɗaya shi ne miliyan dubu. Ƙwayoyin nan suna aika wa juna saƙo dare da rana. Da su mutum ke gani, yake ji, yake magana, yake tunawa. Duk da ƙanƙantarta, ƙwaƙwalwa tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Jini ne ke kai mata wannan abinci ta cikin ƙananan jijiyoyi.

Tunawa aiki uku ne, kamar aikin rumbu. Na farko, a zuba dami. Wato mutum ya ji abu ko ya gani, ya shiga kansa. Na biyu, a ajiye damin ya zauna lafiya. Na uku, a fitar da shi ranar da ake bukata.

Idan mutum ya manyanta, ƙwaƙwalwa takan motse kaɗan, saƙo kuma ya rage sauri. Amma rumbun lafiyarsa ƙalau, hatsin yana ciki. Mai ɗauko damin ne ya rage hanzari. Shi ya sa sunan aboki ke kwanta wa dattijo da rana, ya faɗo masa da yamma. Shi ya sa koyon sabon abu, kamar latsa wayar hannu, ke ɗaukar masa lokaci fiye da jikansa. Idan aka bi shi a hankali zai koya.

Akwai kuma abubuwan da tsufa ba ya ragewa. Sanin magana, da sanin tarihi, da sanin sana'a, da iya sasanta mutane, duk suna nan, wani lokaci ma ƙaruwa suke yi. Ba a banza Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani ba.

Gigin tsufa ba haka yake ba. A nan rumbun ne kansa ya samu matsala. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna mutuwa da yawa. Galibi ɓarnar takan fara ne daga sashen da ke karɓar sabon abu. Kowane manomi ya san cewa idan jinkar rumbu ta fara yoyo, damman da ke sama, waɗanda aka zuba daga baya, su ke fara ruɓewa. Na ƙasa sukan daɗe. Haka abin yake a kai. Abin da ya faru yau da safe shi ke fara ɓacewa. Abin da ya faru a ƙuruciya shi ke saura.

Saboda haka tsohuwa za ta ba da labarin ranar aurenta tiryan-tiryan, amma ba ta san ta ci tuwo ba. Tsoho zai yi lissafi da fam da sule, alhali an koma naira da kwabo tun 1973. Sai mutane su ce, "Da gangan yake yi, ga shi yana tuna abin da ya shekara hamsin." Ba da gangan ba ne. Damman ƙasa ne suka rage masa.

MATAKI UKU

Mantuwa ba ta zama ciwo rana ɗaya. Tana tafiya a hankali, kamar yadda zaizayar ƙasa ke cin gona. Likitoci sun kasa ta mataki uku.

Mataki na farko shi ne mantuwar tsufa, irin ta dattijon gida na farko. Ba ta hana mutum komai. Mafi yawan tsofaffi a nan suke tsayawa har ƙarshen rayuwarsu.

Mataki na biyu shi ne mantuwa ta tsakiya. A nan mantuwar mutum ta fi ta tsaransa. Iyali sun lura, shi ma ya lura. Yana maimaita labari, yana manta alkawari, yana rasa kalma a tsakiyar magana. Amma har yanzu yana riƙe da harkokinsa. Wasu masu wannan hali sukan zarce zuwa gigin tsufa bayan 'yan shekaru. Wasu sukan tsaya nan. Wasu ma sukan samu sauƙi idan an gano dalilin an magance shi. Wannan ne lokacin da ya fi dacewa a je asibiti.

Mataki na uku shi ne gigin tsufa. Shi ma yana da farko da tsakiya da ƙarshe. Da farko mutum yakan ruɗe a lissafin kuɗi da sanin rana. A tsakiya yakan ɓace a garinsu, ya kasa sa riga daidai, ya rikita 'ya'yansa da 'yan'uwansa. A ƙarshe yakan kwanta, magana ta ragu, sai an ba shi abinci a baki, an yi masa wanka, an kai shi bayan gida. Wannan tafiya takan ɗauki shekaru, wani ma fiye da goma.

YADDA AKE RARRABEWA

Ga alamomi bakwai da iyali za su duba:

1. Ajiya. Mai mantuwar tsufa yakan manta inda ya ajiye makulli, ya bi sawu ya gano. Mai gigin tsufa yakan jefa makulli cikin randa, ko ya riƙe shi ya rasa amfaninsa.

2. Suna. Na farko yakan manta sunan maƙwabci, daga baya ya tuna. Na biyu yakan dubi ɗan da ya haifa ya ce, "Wane ne wannan?"

3. Hanya. Na farko yakan ruɗe a babban birni kamar Katsina ko Kano. Na biyu yakan ɓace tsakanin masallaci da gidansa.

4. Kuɗi. Na farko yakan yi kuskuren canji wani lokaci. Na biyu yakan sayar da akuya ya kasa sanin abin da aka ba shi.

5. Lokaci. Na farko yakan manta yau wace rana ce, ya tambaya, ya riƙe. Na biyu yakan ɗauki iri zai tafi shuka a tsakiyar rani.

6. Salla. Na farko yakan yi shakkar raka'a, ya yi ƙabli ko ba'adi. Na biyu yakan sallame, ya tashi ya sake, ko ya manta yadda ake alwala.

7. Hali. Na farko halinsa yana nan yadda aka san shi. Na biyu yakan sauya. Mai kunya ya koma zagi, mai haƙuri ya koma faɗa da zargi.

Akwai kuma wata alama. Mai mantuwar tsufa shi ke kuka da kansa, yana cewa, "Kai, mantuwa ta dame ni." Mai gigin tsufa kuwa, idan ciwon ya yi nisa, ba ya sanin yana mantuwa. Iyalinsa ne ke kuka.

Ma'aunin dai guda ne. Shin mantuwar ta hana mutum yin abin da ya saba yi da kansa? Idan ta hana, to ta wuce tsufa, ta zama ciwo.

ME KE KAWO SHI?

Cututtuka da dama ne ke kawo gigin tsufa. Biyu daga ciki sun fi yawa.

Ta farko ita ce cutar Alzaima. An sa mata sunan wani likita Bajamushe. A shekarar 1901 aka kai masa wata mata mai shekara 51. Mantuwa ta ci ƙarfinta har takan kasa rubuta sunanta. Da ta rasu a 1906, sai ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita mai ƙara girman abu. Ya ga ta motse, ga wani datti ya taru a cikin ƙwayoyin da kuma tsakaninsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu gigin tsufa 10, mutum 6 zuwa 7 wannan cuta ce ke damunsu. Labarin matar nan ya nuna cewa ciwon yakan zo wa wanda bai tsufa sosai ba, amma hakan ba shi da yawa.

Ta biyu ita ce lalacewar jijiyoyin jini na cikin kai. Mai noman rani ya san abin da ke samun fangalin da hanyar ruwansa ta toshe. Haka sashen ƙwaƙwalwa ke bushewa idan jini ya daina isa gare shi. Hawan jini da ciwon sukari da shan taba su ne manyan masu ɓata jijiyoyin nan. Sau da yawa irin wannan mantuwa takan biyo bayan shanyewar ɓarin jiki.

Ciwon nan yana ko'ina a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da shi. Fiye da rabinsu suna ƙasashe masu tasowa ne, ba ƙasashen Turawa ba. A nan Arewa ma an bincika. Wasu likitoci sun duba tsofaffi 322 a Zariya, suka fitar da sakamako a 2011. Sun samu kusan mutum 3 cikin kowane 100 suna da ciwon. Wani bincike da aka fara a Badun a 1992 ya samu fiye da mutum 2 cikin 100 a tsakanin masu shekara 65 zuwa sama.

Wannan lissafi yana koyar da abu biyu. Na ɗaya, mafi yawan tsofaffi ba su da ciwon. Da tsufa kaɗai ke kawo shi, da kowane tsoho ya samu. Na biyu, haɗarin yana ƙaruwa da shekaru. Bayan shekara 65 yakan ninka kusan duk shekara biyar.

Ciwon ba ya yaɗuwa. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya. Kuma don uwa ko uba ya yi shi, ba dole ne ɗa ya yi ba.

BA MAITA BA CE, BA ALJANU BA NE

Rashin sanin wannan ciwo ya jawo wa tsofaffi da yawa wulaƙanci, musamman mata.

Mai gigin tsufa yakan fi ruɗewa da almuru, lokacin da haske ke raguwa, jiki kuma ya gaji. Yakan yi magana da mutanen da suka rasu. Wani yakan ga abin da babu shi. Sai a ce aljanu ne. Tsohuwa takan fita da tsakar dare, a tsince ta a zauren wani gida. Idan aka tsare ta da tambaya, takan amsa duk abin da aka ɗora mata, domin ba ta gane maganar ba. Sai a ce ta tona asirin kanta, mayya ce. Yara su bi ta da jifa. Wannan zalunci ne a kan marar lafiya.

A cikin gida ma ciwon yakan haɗa faɗa. Tsohuwa ta ɓoye kuɗi ta manta. Wadda ta fi kusa da ita, wato matar ɗanta, ita za ta zarga. Ta kuma gaya wa baƙi cewa ana hana ta abinci. Ɗa yana tsoron bakin uwa, sai ya huce a kan matarsa. Ta haka aure yakan mutu a kan kuɗin da ke ƙulle a bakin zanen tsohuwa. Ya kamata magidanci ya bincika kafin ya yanke hukunci.

Wannan hali na ƙarshen tsufa ba sabon abu ba ne. Alƙur'ani mai girma ya ambace shi a Suratun Nahli da Suratul Hajji. Malamai kuma sun bayyana cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifin abin da ya bari. Saboda haka kada a tsangwami tsoho don ya rikita salla, kada a tilasta masa azumin da bai san yana yi ba. A tambayi malami, a kuma tambayi likita.

RUƊEWAR FARAT ƊAYA

Akwai wata ruɗewa da ya kamata a sani, domin tana iya kisa. Idan tsoho yana lafiya jiya, yau ya tashi a ruɗe, ba ya gane mutane, yana sambatu ko yana yawan barci, wannan ba gigin tsufa ba ne. Gigin tsufa wata da watanni yake yi kafin ya bayyana. Ruɗewar kwana ɗaya ko biyu alama ce ta wani ciwo a jiki. Yana iya zama zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon mafitsara, ko ciwon huhu. Yana iya zama ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, ko sukari ya hau ko ya faɗi. Yana iya zama jini ya taru a cikin kai bayan faɗuwa. A kai shi asibiti a ranar. Idan an magance ciwon, sau da yawa hankalinsa yakan dawo.

Haka kuma idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe nan take, kada a jira gari ya waye.

ME ASIBITI ZA TA YI?

Wani zai ce, "Tunda tsufa ba shi da magani, me za a je yi?" Amsa ita ce, akwai abubuwa masu kama da gigin tsufa waɗanda ake warkarwa. Baƙin ciki mai tsanani, irin wanda ke bin rasuwar miji ko mata, yana kawo mantuwa. Ƙarancin wasu sinadaran abinci a jiki yana kawo ta. Wasu magungunan barci da na mura suna kawo ta. Kurumta ma haka, domin abin da kunne bai ji ba, kai ba zai riƙe ba. Likita ne zai rarrabe.

A fara da asibiti mafi kusa, a auna jini da sukari. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura babban asibiti a Daura, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Akwai kuma likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano. Zuwa wurinsu ba abin kunya ba ne. A tafi da wanda ke zaune da tsohon, domin shi zai ba da labari. A tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya.

Gaskiyar magana ita ce, har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da cutar Alzaima ba. Akwai ƙwayoyin da ke rage alamunta na wani lokaci. A 2023 Amurka ta amince da wani sabon magani mai rage saurin cutar kaɗan, amma ba ya warkarwa, ga shi da tsada ƙwarai. Saboda haka duk mai tallar magani a kasuwa da ya ce zai dawo da hankalin tsoho cikin mako guda, kuɗi yake nema. Kada a sayar da tumaki a ba shi.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ba mai hana tsufa. Amma akwai abin da mutum zai yi ya rage haɗarin ciwon. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 masu ƙara haɗarin. Ya ce da za a kawar da su, da an hana ko an jinkirta kusan rabin ciwon a duniya. Ga waɗanda suka fi shafar mutanen karkara:

Hawan jini. Ba ya ba da sanarwa. Duk wanda ya kai shekara 40 ya riƙa zuwa awo. Idan awon yana kai 140 bisa 90 ko fiye, a nemi shawarar ma'aikacin lafiya. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. A ƙasar Sin an gwada wannan a ƙauyuka 326, da mutane kusan 34,000. Ma'aikatan lafiya na ƙauye ne suka riƙa auna su suna ba su magani. Bayan shekara 4, sakamakon da aka fitar a 2025 ya nuna ciwon ya ragu da kashi 15 cikin 100 a ƙauyukan da aka matsa wa hawan jini.

Gishiri. A rage shi a miya, a rage dunƙule. Abin da babba ke bukata a yini bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba.

Taba da hayaƙi. A bar shan taba. A guji hura wuta a rufaffen ɗaki.

Kunne da ido. Tsohon da ba ya ji, ko ba ya gani, yakan janye daga mutane. A kai shi a duba. Yanar ido ana cire ta a asibiti.

Buguwar kai. Mai hawa babur ya sa hular kwano.

Zaman kaɗaici. A bar tsoho ya je masallaci, da kasuwa, da suna, da majalisa. A bar shi ya taka zuwa gona, ya yi ɗan aikin da zai iya. Ajiye shi a ɗaki da sunan hutu ba gata ba ne.

Karatu. Ƙarancin ilimi yana cikin abubuwa 14 ɗin nan. A wani bincike da aka fitar a Amurka a 2019, an bi tsofaffi kusan 1,000 waɗanda ba su yi makaranta mai nisa ba. Waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba sun ninka waɗanda suka iya wajen kamuwa da ciwon. Masana suna ganin ƙwaƙwalwar da ta saba aiki ta fi jure ɓarna. Karatun boko, da na allo, da rubutun ajami, da lissafi, duk aikin ƙwaƙwalwa ne. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya riƙe karatunsa, kada ya bari ya kwanta.

KULA DA MAI CIWON

Idan ciwon ya tabbata, kulawar iyali ita ce babban magani.

Kada a yi gardama da shi. Idan Inna ta ce ba ta ci ba, kada a ce, "Kin ci mana!" A ce, "To Inna, ga ɗan kunu kafin a gama." Idan ta ce za ta gidan mahaifinta, a ce, "Inna, ba ni labarin gidan." Kafin ta gama, tafiyar ta fita daga ranta. Idan ta ce an sace kuɗi, a taya ta nema.

A yi magana gajera, a fuskance shi, a faɗi abu ɗaya a lokaci ɗaya. Mai shigowa ya faɗi sunansa, kada ya ce, "Baba, ka gane ni?" Wannan tambaya kunyata shi take yi.

Kada a riƙa sauya masa ɗaki ko gari. Abinci da wanka da barci su zama a lokacin da ya saba. A kunna fitila tun kafin duhu. A riƙa miƙa masa ruwa, domin yakan manta da ƙishirwa.

A rufe rijiya. A ɓoye maganin feshi da fetur da ashana da wuƙa. Kada a bar shi shi kaɗai kusa da murhu. A sanar da maƙwabta da mai unguwa halin da ake ciki, domin su tare shi idan ya fita. Kada a ɗaure shi, kada a doke shi, kada a bari yara su yi masa dariya. Ko ya manta sunan mutum, yana jin daɗin fara'a, yana jin zafin tsawa.

Jinyar nan tana da nauyi, kuma galibi a kan mace ɗaya take faɗawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Ya'ya maza da mata su raba kwana, su raba kuɗin magani. Wanda ke birni ya aiko, ya kuma zo. Mai jinya ita ma tana bukatar barci da godiya.

A RUBUTA TUN DA WURI

Akwai abubuwan da ke cikin kan tsoho shi kaɗai. Iyakar gona, da gonar da aka ba da jingina ko aro, da bashi, da amanar da wani ya ba shi. Idan gigi ya zo, duk sukan tafi, rigima ta tashi tsakanin 'yan'uwa. Saboda haka tun yana cikin hankalinsa a zauna da shi cikin ladabi. A rubuta komai a gaban shaidu, da sanin mai unguwa ko dagaci. Wanda kuma ya lallaɓi tsohon da ya ruɗe ya sa shi dangwala hannu a takardar sayar da gona, ya ci amana.

A nan ne amfanin iya rubutu ke fitowa. Abin da kai ya manta, takarda tana riƙewa.

Allah ya ba tsofaffi lafiya, ya ba masu jinya haƙuri, ya sa a gama da iyaye lafiya.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin mantuwar tsufa da gigin tsufa?
2. Don me mai gigin tsufa ke tuna abin da ya daɗe, ya manta na yau?
3. Me ya kamata a yi idan tsoho ya ruɗe cikin kwana ɗaya?
4. A kawo abubuwa huɗu masu rage haɗarin wannan ciwo.
5. Wace amsa ta dace idan tsohuwa ta ce an sace mata kuɗi?

AIKI

Kowane ɗalibi ya samu 'yar takarda mai kauri. Ya rubuta sunan wani tsoho na gidansu, da sunan garinsu, da unguwarsu, da lambar wayar ɗansa. Ya nuna wa malamin aji ya duba. Irin wannan takarda ake sa wa mai gigin tsufa a aljihu, ko a ɗinke ta a jikin rigarsa, domin duk wanda ya tsince shi ya san inda zai kai shi.